Majami'a Daban, Ikkilisiya Daban

(Jawabi ga ɗalibai Kirista masu shirin barin jami'a)

  

An roƙe ni in yi magana a kan zumuntar masu bi, to, bari in fara da laifin kaina. Shekarar da na kama aikin gwamnati, aka tura ni wani gari inda ban san kowa ba. Lahadin farko na shiga majami'ar ɗarikarmu, na tarar kowa ya san layin da 'yan yarensu ke zama, ko da yake ba wanda ya kafa wannan doka. Bayan sujada aka zauna zaɓen ma'aji, aka yi ta cacar baki har wani dattijo ya ɗauki hularsa ya fice. Na ce a raina, in dai wannan ce ikkilisiya, ni da Littafina mun ishi juna. Wata 11 ban sake taka ƙofar ba. Da fari kullum nake karatu da addu'a a ɗaki, sa'an nan abin ya koma ran Lahadi kaɗai, daga bisani sai in na tuna. A cikin watannin nan ne kuwa na fara sa hannu a kan takardun ofis da na san lissafinsu ba daidai yake ba. Ban ce zuwa sujada yana hana sata ba. Duk mun san ɓarayi masu kujerar gaba. Ni dai abin da ya same ni shi ne, na rasa ko mutum ɗaya da zan ji kunyar haɗa ido da shi.

Ku kuwa jarabarku ta fi tawa sauƙin faɗawa. Tun da annobar 2020 ta sa aka rufe wuraren ibada, mutane da yawa suka saba da sauraron wa'azi ta wayar hannu, suna kwance, in mai wa'azi ya taɓo inda ke musu ciwo sai su sauya wani. Wa'azin waya yana da amfaninsa, musamman ga majiyyaci da matafiyi. Amma ba wanda ke yi wa kansa baftisma, ba a kuma cin Jibin Ubangiji a kaɗaice. Haƙuri da gafara da aka umarce mu da su, a kan wa za ka gwada su in ba ka tare da mutumin da zai ɓata maka rai?

Hausa ta yi mana gata da ta ba mu kalmomi biyu. Majami'a gini ce. Ikkilisiya kuwa mutane ne. Asalin kalmar daga Helenanci take, ma'anarta taron jama'ar gari da aka kira, har ma a sura ta 19 ta Ayyukan Manzanni an yi amfani da ita ga cincirindon da ya ta da tarzoma a Afisa. Masu bi na fari a gidaje suke taruwa. Ɗakin sujada mafi daɗewa da aka tono, a Dura-Yuropos ta ƙasar Siriya, gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240. Ba ma sai mun je nesa ba. A ƙarƙashin itacen tsamiya aka yi sujadar farko a Garkiɗa a 1923, daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, watau EYN, ta tsiro. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatarta a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci, an kuma ƙone majami'unta masu ɗimbin yawa. Galibin 'yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilu na wannan shekara 'ya'yanta ne. Da a ce gini ne ikkilisiya, da ta mutu a lokacin. Amma mutanenta suka ci gaba da taruwa a sansanonin gudun hijira da gidajen 'yan'uwa, har a Minawao ta ƙasar Kamaru, suna binne matattunsu, suna sa wa jariransu suna.

To, wace ce ta gaskiya a cikin ɗarikun nan barkatai? Tambayar tsohuwa ce, a nan Afirka ma aka fi zafafa ta. A shekara ta 303 Sarkin Rum Diyokletiyan ya umarta a miƙa littattafan Kirista a ƙone. Waɗansu shugabanni suka ƙi, suka sha azaba. Waɗansu suka tsorata suka miƙa. Da ƙura ta lafa, sai rigima ta tashi a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau. Mabiyan Donatus suka ce duk wanda ya miƙa littafi ya ɓata, baftismar da ya yi da naɗin da ya yi duk banza ne, su kaɗai ne tsarkakakkiyar ikkilisiya. Kada ku raina su, ƙannena. Ku tambayi wanda aka kashe wa uba saboda ya ƙi musun bangaskiyarsa, yadda yake ji in ya ga maƙwabcin da ya musa ya dawo yana neman kujerarsa ta dā. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, shi ya amsa musu. Ya ce ikkilisiya a duniyan nan gona ce da alkama da ciyawa ke tsirowa tare, tacewar ba tamu ba ce. Ƙarfin baftisma kuma daga Almasihu yake, ba daga tsarkin hannun da ya zuba ruwa ba. A nan na bi Agustin. Inda na rabu da shi, daga baya ya yarda hukuma ta tilasta wa 'yan Donatus su dawo. Zumuncin da aka ƙulla da sanda, ban san sunansa ba.

Ke nan ba a gane ikkilisiya ta gaskiya da rashin masu zunubi a cikinta. Ta Koranti cike take da ɓangaranci da ƙarar juna a kotu, duk da haka Manzo Bulus bai janye mata sunan ba. Majalisar Kustantiniya ta 381 ta lissafa alamu huɗu: ɗayantaka, tsarki, game dukan duniya, da tsayawa kan koyarwar manzanni. Mutanen Luta, a Ogsbog a 1530, suka taƙaita: a duba ko ana shelar Bishara sahihiya, ana kuma yin baftisma da Jibi bisa ƙa'ida. Katolika da sauranmu mun sha bamban kan yadda ake fassara waɗannan, ba zan ɓoye muku ba. Amma duk inda ka ga sunan mai majami'a ya fi na Yesu yawa a bakin jama'a, ko ana sayar da addu'a da farashi, ko ba mai ikon tambayar inda baiko ya shiga, ba ka bukatar digiri kafin ka ɗauki takalmanka.

Alamar da ta fi ba mu wuya a Arewa ita ce ta ɗayantaka. Tun da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, Birom da Angas da Bajju da Bura da Tangale suka sami harshe ɗaya na sujada. TEKAN a 1955 da FCS a Gindiri a 1957 duk a kan wannan fata aka gina su. Amma da zaɓe ya zo, kowa sai ya tuna garinsu. Ku karanta sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni. Masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tauye gwaurayensu a rabon abinci. Manzanni ba su ce musu su yi shiru don zaman lafiya ba. Aka zaɓi mutum 7 su riƙe rabon, kuma dukansu sunayen Helenawa gare su. Watau masu rinjaye suka danƙa jaka a hannun masu kuka. Har yanzu ina jiran ganin haka a zaɓen ma'aji.

Ni kuwa zazzaɓin taifot ne ya kawo ƙarshen wata 11 ɗin nan. Kwana huɗu ina kwance, sai ga dattijon nan mai hula a bakin ƙofa. Masinjan ofishinmu ne ya gaya masa. Bai san sunana ba, ba kuma yarenmu ɗaya ba. Ya kai ni asibiti a bayan babur ɗinsa, Matan Zumunta suka yi mako biyu suna karɓa-karɓar kawo mini kunu. Da na warke ya zaunar da ni, ya ce, "Ɗana, ana maganar takardun ofishinku a gari. Akwai hannunka?" Na ce akwai. Abin da ya biyo baya ya ci mini ƙarin girma na shekara biyu. Lahadin da na koma, a layinsu na zauna, 'yan garinmu suna ta harara ta. Zaɓen ma'aji kuwa, da shekara ta kewayo, sai da aka sake yin rigima a kansa.