Jawabi a Kan Abubuwan da Ruwa Ke Narkarwa

Yau na zo muku da kwalabe biyar, da kayan da babu gidan da ba a san su ba: gishiri, da sukari, da kanwa, da alli, da man gyaɗa. Cikin ko wace kwalba akwai ruwan randa mai nauyin giram 100.

Bari mu fara da gishiri. In ka zuba cokali guda ka motsa, sai ka neme shi ka rasa. In ka ƙara, haka. Amma da ya kai wajen giram 36, sai ruwan ya ƙoshi. Abin da ka ƙara bayan wannan sai ya kwanta a gindin kwalba, ko da za ka kwana kana motsawa.

Sukari kuwa sha'aninsa dabam ne. Wannan ɗan ruwa ya kan shanye wajen giram 200, watau ninki biyu na nauyin kansa. Ni ma da na fara jin haka ban gaskata ba, sai da na gwada, na yi asarar sukarin shayina na mako guda. In kuma aka tafasa ruwan, sai ya ɗauki fiye da giram 450, shi ya sa masu alewa ba su rabuwa da wuta. Amma gishiri, ko an tafasa ruwan, da ƙyar ya ke kai giram 39. Wuta tana sa shi narkewa da sauri, ba ta ƙara wa ruwa ciki sai kaɗan.

Kanwa ta kan narke, ta bar yashi da laka a ƙasa. Ga wata dabara nan ga mai zuwa kasuwa. Jiƙa kanwar masu sayarwa biyu, awo ɗaya, ka dubi wadda ta fi barin ƙasa, gama wannan ƙasar ma kuɗinka ka ba da a kanta.

Alli mayaudari ne. Ya kan mai da ruwa fari fat, ka ce ya narke, amma in ka bar shi ya jima sai ya kwanta. Lita guda ba ta narkar da allin da ya kai nauyin ƙwayar shinkafa. Man gyaɗa kuwa ba sai na faɗa ba, ga shi can bisa ruwa yana yawo.

To, ina gishirin nan da muka nema muka rasa? Yana nan cikin ruwan. Mutanen Bilma, a ƙasar Nijar, da wannan su ke ci. Ruwan gishiri ya kan taru cikin ramummukansu, rana ta shanye ruwan ta bar musu gishiri, su yi kantu, ayarin raƙuma ya ɗauka.

Saboda haka ku lura. Ƙyalle ya kan tare alli da laka, amma abin da ya narke bi ya ke yi ya wuce tare da ruwa. Rijiya mai zartsi ba ta gyaruwa da tacewa, tafasawa kuwa ƙara mata zartsi ta ke yi. Haka kuma in maganin ƙwari ya narke cikin ruwan sha, ruwan yana iya zama garau, tacewa ba ta raba shi da dafin.

Ga ruwan gishirin nan na tace sau uku da farin ƙyalle. Malam, kai da ke gaba, taso ka ɗanɗana ka gaya wa jama'a abin da ka ji.