Jimmy Carter: sojan ruwan da ya san hanyar komawa gida



Nijar ba ta da teku, ba ta kuma da jiragen yaƙi na ruwa. Saboda haka mai sauraro na iya tambaya: mene ne haɗin wannan ƙasa da wani tsohon sojan ruwan Amurka, har a zauna a tuna da shi? Amsar tana cikin ruwan tabkunan karkara, kuma za a iso gare ta. Amma sai an fara daga tushe.

An haifi Jimmy Carter ranar 1 ga watan Oktoba 1924 a Plains, wani ƙaramin gari na jihar Jojiya. Ya tashi a gidan manomi inda babu lantarki, babu famfo, kuma tun yana ɗan shekara biyar yake tallan dafaffiyar gyaɗa a titi. A 1946 ya ƙare makarantar hafsoshin ruwa ta Anapolis, a cikin shekarar kuma ya auri Rosalynn, ƙawar ƙanwarsa. Ya yi aiki cikin jiragen da ke tafiya ƙarƙashin teku, matarsa na biye da shi daga wannan tasha zuwa waccan, har ta haifi ƴaƴansu maza uku a wurare uku dabam-dabam.

A 1952 ya nemi shiga sashen jiragen da ke aiki da makamashin nukiliya, ƙarƙashin Hyman Rickover, shugaba mai tsanani. Da Carter ya bugi ƙirji cewa yana cikin sittin na farko daga ɗalibai sama da 800, sai Rickover ya tambaye shi ko ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Carter ya yi shiru, sa'annan ya amsa cewa ba kullum ba. Rickover ya tambaye shi dalili, ya juya masa baya. An ɗauke shi aikin, amma tambayar ta bi shi har tsufa. Bayan haɗarin da ya auku a tashar nukiliya ta Chalk River a Kanada cikin Disamba 1952, yana cikin waɗanda aka tura su kwance injin da ya lalace, kowane mutum ba ya wuce daƙiƙa 90 a ciki saboda tsananin gubar wurin.

Ana cikin haka mahaifinsa ya rasu a 1953. Carter ya tuɓe kaki, ya koma Plains don ya riƙe gona da mangazar gyaɗa ta gidansu. Rosalynn ba ta so wannan komawa ba, kuma shi da kansa ya yarda daga baya cewa ya yi kuskure da ya yanke shawarar bai tuntuɓe ta ba. Suka zauna a gidan haya na gwamnati irin na masu ƙaramin ƙarfi. Shekarar farko fari ya faɗa, ribarsu ba ta kai dala 200 ba. Duk ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya taɓa zuba jarinsa cikin gyaɗa ya san ɗacin irin wannan shekara. Rosalynn ta karɓi littafin lissafi, shi ya kama ma'auni da buhu, har kasuwar ta miƙe.

Sai da ya shekara tara a matsayin farar hula kafin ya nemi kujera. A zaɓen majalisar jiharsu na 1962 aka yi masa maguɗi, har matattu suka jefa ƙuri'a. Bai tara ƴan banga ba. Shari'a ya je da hujjojinsa, aka mayar masa da nasararsa. Ya zama gwamnan Jojiya a 1971, ya zama shugaban Amurka a 1977. Shi ne ya zaunar da Sadat na Masar da Begin na Isra'ila a Camp David a 1978, kuma cikin wannan shekara ya ziyarci Legas.

Yabon mamaci ba ya hana faɗin gaskiya: mulkinsa bai ƙare da daɗi ba. Farashin kaya ya hau, mutane sun yi layi a gidajen mai, aka kuma tsare Amurkawa 52 a Iran har kwana 444. A zaɓen 1980 Ronald Reagan ya kayar da shi mummunan kaye. Carter ya amsa faɗuwarsa tun daren zaɓen, ya miƙa mulki a Janairu 1981. Da ya koma gida, ya tarar kasuwancin da ya damƙa amana lokacin da yake mulki ya ci bashin sama da dala miliyan ɗaya, dole ya sayar da shi. Ma'aikata su lura da kyau: mutum ya riƙe ƙasa mafi arziki a duniya shekara huɗu, ya sauka da bashi, ya koma gidan da ya gina tun 1961.

Daga nan ne labarinsa ya iso tabkunan karkara. Cibiyar da shi da matarsa suka kafa a 1982 ta ɗaura yaƙi da kurkunu a 1986, lokacin da ake ƙiyasin mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa da shi kowace shekara. Ciwo ne da ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi, kuma yakan kwantar da manomi daidai lokacin da gona ke bukatarsa. Cikin makaman yaƙin akwai ƙyallen tace ruwa, da rijiya mai tsabta, da hana mai ciwon tsoma ƙafa cikin tabki. Carter ya jawo Yakubu Gowon na Nijeriya da Amadu Tumani Ture na Mali cikin aikin. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da kurkunu, a 2023 kuwa mutum 14 kaɗai aka samu da shi a duk duniya.

Rosalynn ta rasu a Nuwamba 2023, bayan shekara 77 da aure da ƴaƴa huɗu. Sun sha faɗin cewa ba sa kwanciya barci da fushin juna. Carter ya bi ta ranar 29 ga Disamba 2024, yana da shekara 100, aka rufe shi kusa da ita a harabar gidansu.

Jama'a, Nijar ta ga juyin mulkin soja sau biyar tun daga 1974, kuma sau ɗaya tak, a 2021, zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba. Hausawa sun ce mulki rigar aro ce. Carter ya sa kaki ya tuɓe, ya sa rigar shugabanci ya mayar wa masu ita da suka nema, domin yana da gida da sana'a da iyalin da zai koma wa. Shekara 43 da ya yi bayan saukarsa ne suka fi amfanar manomin karkara. Duk mai riƙe da wata kujera, babba ko ƙarama, ya tambayi kansa yau inda zai nufa ranar da aka ce ya tashi.