Takin da ke Cikin Iska: Jawabi a Taron Ƙungiya na Sabo, Ibadan

 

Kowannenmu a nan ya san saƙon da ke zuwa daga gida idan damina ta gabato: a aiko da kuɗin taki. Tun daga shekarar 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin taki a duniya, wannan saƙo ya ƙara nauyi. To, yau ina so in yi magana a kan wani taki da Allah Ya ajiye mana kyauta, wanda kakanninmu suka ci moriyarsa tun ba a san boko ba.

Abin da ke sa masara ta yi kore shar shi ne wani sinadari da ake kira naitirojin. Shi ne kashi 46 cikin ɗari na buhun yuriya. Wannan iska da muke shaƙa kuwa, kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne. Amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska kai tsaye, sai an sarrafa shi. A shekarar 1909 wani Bajamushe mai suna Fritz Haber ya gano yadda za a yi haka, a 1913 kuma aka buɗe masana'anta ta farko a Jamus. Aikin yana cin gas mai yawa, shi ya sa in gas ya yi tsada, taki ma sai ya bi shi.

To, jama'a, akwai masu yin wannan aiki a cikin ƙasa ba da ko kwabo ba. Duk wanda ya tuge wake ko gyaɗa ko waken suya, zai ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. Wasu suna zaton cuta ce. Ba cuta ba ce. Gida ne na wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Shukar tana ciyar da su, su kuma suna kamo naitirojin daga iska su ba ta. In ka fasa ƙullin ka ga cikinsa ja-ja, to aiki yana tafiya. Haka ma gawo, danginsu ne. Shi ya sa geron da ke gindin gawo ya fi na gefe kyau, ga shi kuma yana zubar da ganye da damina, ba ya tare rana.

Ke nan da iyayenmu suke surka gero da wake, da dalili suke yi. A nan garin ma, cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke hanyar Oyo, wadda aka kafa a 1967, ta fitar da irin waken suya da ke ƙulla zumunci da ƙwayoyin da ke cikin ƙasarmu.

Sai dai a kula da abu uku. Na ɗaya, wake da gyaɗa ba sa bukatar yuriya mai yawa. In ka cika musu, ƙwayoyin sai su daina aiki. Takin sufa suka fi so. Na biyu, mu da ke sayen harawa muna kiwon ragunan Sallah, mu sani amfanin gonar ne muke kwasowa. In an cire harawa duka, to a mayar da kashin dabbobi gona. Na uku, wannan ba zai hana sayen taki gaba ɗaya ba, musamman ga masara, amma zai rage.

Saboda haka, bana in za ka aika kuɗi gida, ka haɗa da shawara: gonar da aka yi masara bara, a sa mata gyaɗa ko waken suya, baɗi a dawo da masara. Masu lambu a nan ma su gwada.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.