Bitamin D da Tiyatar Babban Yatsan Ƙafa

Sharhin yau ya shafi karkacewar babban yatsan ƙafa, wato lalurar da yatsan ke jingina da 'yan uwansa, ƙashin gindinsa ya turo waje har sa takalmi ya zama azaba.

Idan ciwon ya tsananta, likitan ƙashi yakan yanka ƙashin, ya daidaita shi, ya ɗaure shi da ƙusoshin ƙarfe, sannan a jira makonni kafin ya haɗe. A nan bitamin D ke shigowa, domin shi ne sinadarin da ke taimaka wa hanji tsotse kalsiyam, kalsiyam kuwa shi ne tubalin ƙashi. Idan bitamin D ya yi ƙaranci, haɗuwar ƙashi tana iya jinkiri.

Fatar jiki ce ke samar da bitamin D idan rana ta taɓa ta. Kaduna ba ta rasa rana ba, amma matar da ke wuni cikin ɗaki a unguwar Kawo, da ma'aikacin da ke wuni a ofis, suna iya rasa rabonsu, musamman da yake baƙar fata ta fi buƙatar daɗewa a rana.

Saboda haka, duk wanda za a yi wa wannan tiyata, a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, ya tambayi likita game da gwajin bitamin D a jini tun kafin ranar aiki. A sha hantsi, a ci kifi da gwaiduwar ƙwai, kada kuma a sha ƙwayar bitamin sai da umarnin likita.