Jawabi Kan Ragowar Maganin Ciwo

Mai girma Sarkin Hausawa, malamai, iyaye da 'yan'uwa.

Maganata a kan ragowar ƙwayoyin kashe ciwo ce, waɗanda likita ya rubuta tun bara, muka ƙulle a leda. Kowane kwali akwai kwanan wata a gaban EXP. Daga ranar nan kamfani ya cire hannunsa. To, lissafin ma na maganin da aka adana a busasshen wuri mai sanyi ne. Zafin rumfar kwano da laimar Ikko kan rage masa ƙarfi tun kafin lokaci.

Haɗarin shi ne mutum ya sha ɗaya, bai ji sauƙi ba, ya ƙara biyu. Tramadol in ya yi yawa yana kawo jijjiga, yana danne numfashi. Diclofenac kuwa yana cin ciki da ƙoda. Balle a ba maƙwabci, ko yaro ya tsinta.

Don Allah kowa ya duba akwatinsa yau. Wanda ya wuce lokaci a kai wa mai kemis, ya faɗi yadda za a zubar. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.