Ba'amurke Ma Sai da Biza: Darasi ga Iyaye Masu Burin Tura 'Ya'yansu Karatu Waje

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na malamai da iyalansu



An nemi in yi bayani a kan bizar karatu a ƙasashen waje, domin da wuya a sami gidan malamin da ba a taɓa tayar da wannan zance a cikinsa ba. Na zaɓi in biyo da bayanin ta kan mutumin da muke ganin kowace ƙofa a buɗe take masa, wato Ba'amurke. Dalilina shi ne, ya zauna a zukatan mutanenmu cewa biza sa'a ce, ko sanayya, ko kuwa aikin dillali. Idan muka dubi abin da ake nema a wurin mai riƙe da fasfon Amurka, za mu ga cewa ƙa'idoji ne a rubuce, kowa yana iya karantawa, kuma kowa sai ya cika su.

Mu ɗauki misalin ɗaliba Ba'amurkiya da ta gama digirin farko, tana son yin na biyu a Turai. Fasfonta, wanda yake aiki shekara 10, yana ba ta damar shiga ƙasashen yankin Shengen, irin su Faransa da Jamus da Italiya da Sifaniya, ba tare da biza ba. Amma wannan dama ta ziyara ce, kuma ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180. A Ingila kuwa tana iya zama har wata 6 a matsayin baƙuwa, ko da yake daga watan Janairu na 2025 sai ta fara neman izinin shiga ta intanet kafin ta hau jirgi. Da zarar karatun ya zarce wannan wa'adi, to alfarmar fasfo ta ƙare, sai ta shiga layi kamar kowa. Kowa a gidansa sarki ne, kuma ƙasar da za a shiga ita take kafa sharaɗi.

Abu na farko da za a tambaye ta shi ne makarantar da ta ɗauke ta. Yawancin ƙasashe ba sa ba da bizar karatu ga wanda bai riga ya sami gurbi ba. A Ingila, dole jami'ar ta kasance cikin waɗanda gwamnati ta ba lasisin ɗaukar ɗalibai baƙi, kuma ita za ta ba ɗalibar wata lambar shaida da suke kira CAS, wadda ba a cike takardar neman biza sai da ita. A Faransa, sai ta fara bi ta hukumar Campus France, a duba takardun karatunta, kafin ta je cibiyar da ake karɓar takardun biza a ɗauki hotonta da zanen yatsunta. Wannan hukuma ita ce dai 'ya'yanmu na Nijeriya suke bi ta hannunta. Saboda haka duk wanda ya ce zai samo wa ɗanka bizar karatu kafin a sami makaranta, ka san ba gaskiya a bakinsa.

Abu na biyu shi ne kuɗi, kuma a nan ne yawancin buri yake tsayawa. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, sai ɗan abin da ake biya a kowane zango. Duk da haka, ɗalibar nan sai ta nuna abin da za ta ci da shi. Hanyar da aka fi bi ita ce ta buɗe asusun kulle, ta zuba kuɗin shekara guda gaba ɗaya. Daga watan Satumba na 2024 adadin ya zama yuro 11,904, kuma ba ta da ikon cire fiye da yuro 992 a wata. A 2025, Faransa tana neman shaidar yuro 615 a kowane wata. Ingila kuwa, a farkon 2025 ta ƙayyade fam 1,483 a wata ga mai karatu a Landan, da fam 1,136 ga mai karatu a wajenta, har na wata 9. Ku lissafa: a wancan lokaci, wanda zai zauna a wajen Landan yana bukatar fam 10,224 na ci da sha da haya kawai, ban da kuɗin makaranta na shekarar farko. Kuma sai kuɗin sun kwana 28 a jere a cikin asusu ba su ragu ba. A kan wannan akwai kuɗin bizar kanta, wanda ya kai fam 524 a 2025, da harajin kiwon lafiya na fam 776 a kowace shekarar zama.

Abu na uku shi ne lafiya da hali. Jamus ba ta yi wa ɗalibi rajista a jami'a sai da inshorar lafiya. Sifaniya kuwa, idan zaman zai wuce wata 6, tana neman takardar likita, da kuma shaida daga hukumar FBI cewa ɗalibar ba ta da tarihin aikata laifi, sannan sai an buga wa wannan shaida hatimin tabbatarwa. Haɗa waɗannan takardu yakan ɗauki makonni. Shi ya sa Ingila ta ba da damar a nemi biza tun saura wata 6 a fara karatu, alhali amsa takan fito cikin kimanin mako 3. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko bayan ta sauka, aiki bai ƙare ba. A Faransa dole ta tabbatar da bizarta ta intanet cikin wata 3 da isowarta, in ba haka ba zamanta ya saɓa doka. A Jamus an yi wa Amurkawa sassaucin shiga ba biza, amma sai ta je ofishin kula da baƙi ta nemi izinin zama kafin kwana 90 su cika. A Ingila, idan ta daina zuwa aji, wajibi ne jami'a ta sanar da hukuma, kuma hakan yana iya jawo a soke bizar. Mu ma nan haka muke yi wa baƙi. Ba'amurken da zai zo Jami'ar Bayero ta Kano domin nazarin Hausa sai ya nemi biza a ofishin jakadancin Nijeriya, idan kuma zaman mai tsawo ne, sai ya sami izinin zama daga Hukumar Shige da Fice.

Ba zan ce matsayin ɗan Nijeriya ɗaya ne da na Ba'amurke ba, domin akwai bambanci, kuma ya kamata mu san shi. Ingila ba ta neman Ba'amurke ya yi jarrabawar Turanci. Ba ta kuma tilasta masa ya haɗa takardun banki tun farko, ko da yake dole kuɗin su kasance a ajiye, kuma ana iya tambayarsa a kowane lokaci. Ɗanmu kuwa sai ya gabatar da takardun banki, sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, kuma sai jami'a ta gamsu da Turancinsa. Wasu jami'o'in sukan karɓi sakamakon WAEC, wasu kuma sai an yi jarrabawar IELTS. Haka nan ba shi da damar shiga Jamus sannan ya nemi izini a can. Daga nan gida zai nemi bizarsa. To idan wanda aka yi wa sassauci bai tsira daga waɗannan ƙa'idoji ba, ina ga wanda aka ƙara wa wasu a kai?

Akwai darussa huɗu da nake roƙon mu tafi da su gida.

Na farko ya shafi dillalai. Duk matakan da na lissafa, ɗalibar nan da kanta take yin su, a shafukan intanet na gwamnatocin ƙasashen da na jami'o'in. Yaron da ya isa yin digiri ya isa ya karanta ƙa'ida ya cike takarda. Akwai masu taimakawa na gaskiya, amma babu ɗaya daga cikinsu da yake da iko a kan hukuncin jami'in biza. Mafi haɗari shi ne dillalin da zai ce zai shirya takardar banki, ko ya zuba kuɗin aro a asusu na 'yan kwanaki. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A dokar Ingila, wanda aka kama da yaudara a neman biza ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10, kuma sunan yaron ne a kan takardar, ba na dillali ba. Ga asarar kuɗi, ga tabo a farkon rayuwa.

Na biyu ya shafi zancen nan da muke yawan ji, cewa a dai samu ya tafi, in ya je zai yi aiki ya biya sauran. Doka ta iyakance aikin ɗalibi, Ba'amurke ne ko ɗan Nijeriya. A Ingila awa 20 ne a mako lokacin da ake karatu. A Faransa awa 964 ne a shekara. A Jamus cikakkun kwanaki 140 ne. Mu yi lissafi irin wanda muke koya wa 'yan aji shida. Mafi ƙarancin ladan awa ɗaya a Ingila a watan Afrilun 2025, ga mai shekara 21 zuwa sama, fam 12.21 ne. Awa 20 a mako ya ba da kimanin fam 244, wato kusan fam 1,050 a wata. Wannan bai ma kai fam 1,136 da gwamnati ta ƙiyasta a farkon 2025 na zaman wata ɗaya ba, balle a yi maganar kuɗin makaranta. Wanda ya zarce awannin da aka ba shi kuwa ya karya sharaɗin bizarsa.

Na uku ya shafi darajar naira. Ba'amurke yana tara dala ne, mu kuwa naira muke tarawa. Kafin watan Yuni na 2023, dala ɗaya a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Iyayen da suka yi lissafi a kan tsohon farashi sun wayi gari kuɗinsu bai kai sulusin abin da suke bukata ba. A shekarar 2024 an sami ɗaliban Nijeriya a wata jami'a ta arewacin Ingila da aka dakatar da karatunsu saboda kasa biyan ragowar kuɗi, har aka umarci wasu su bar ƙasar. Don haka kafin a sayar da gona ko fili, ko a taɓa kuɗin sallama, a zauna a lissafa dukan shekarun karatun, a kuma bar sarari domin tashin farashi. Matan gida su kasance cikin wannan shawara, domin idan abu ya ɓaci, tukunyarsu ce take fara ji. A kuma sani cewa daga Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da mata ko miji da 'ya'ya, in ban da masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

Na huɗu shi ne hanyar da ta fi dacewa da gida irin namu, wato tallafin karatu. Su kansu Amurkawa da yawa da shi suke fita, kamar shirin Fulbright da aka kafa tun 1946. Mu ma akwai ƙofofin da aka buɗe mana. Akwai Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda yake ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda ga wanda ya yi aiki na aƙalla shekara 2. Akwai tallafin ƙasashen Kwamanwel, akwai DAAD na Jamus, akwai kuma PTDF a nan gida. Takardar tallafi takan tsaya a madadin shaidar kuɗi, wadda ita ce babbar katanga. Abin da ake nema a nan shi ne sakamako mai kyau, da iya rubuta bayani a kan kai da manufa cikin tsari. Wannan kuwa a ajinmu yake farawa. Yaron da ya saba karanta umarni kafin ya amsa tambaya, ya saba rubuta sunansa iri ɗaya a kowace takarda, mun riga mun rage masa rabin wahala.

A kan wannan batu na suna ina da roƙo na musamman ga shugabannin makarantu. Mu ne muke fara rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa a rajista. Idan aka rubuta Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a sakamakon jarrabawa, Muhammadu a fasfo, ko aka sauya shekarar haihuwa a wani wuri, jami'in biza ba ya sanin al'adarmu, saɓani kawai zai gani. Mu daidaita waɗannan tun yara suna hannunmu.

Daga ƙarshe, adadin kuɗi da ƙa'idojin da na ambata sukan sauya, wani lokaci sau biyu a shekara guda. Duk mai niyya ya duba shafin gwamnatin ƙasar da kansa a ranar da zai nema, ya kuma rubuta wa ofishin ɗalibai baƙi na jami'ar, domin amsa irin waɗannan tambayoyi aikinsu ne, kuma ba sa karɓar ko kwabo a kai. Matambayi ba ya ɓata. Wanda lissafinsa bai kai ba a bana, babu abin kunya ya yi digirin farko a gida, ya fito da sakamako mai kyau, sannan ya nemi tallafi.

Mai girma Shugaba, ina ba da shawarar reshe ya ware rana ɗaya a kowane zango, waɗanda suka taɓa bin wannan hanya daga cikinmu da 'ya'yanmu su zauna da masu niyya, a duba takardu tare kafin kowa ya fitar da kuɗinsa.

 Allah ya sa 'ya'yanmu su fi mu.