Asusun Jarirai: Jawabi ga Ƙungiyar Mata ta Jushi

 Kafin a buɗe akwati yau, ina roƙon ku ba ni minti kaɗan.

Bara matar yayana ta haihu cikin dare, cikin bai cika wata takwas ba. Bakwaini ne, ɗan mitsitsi, amma yana numfashi, yana motsi. Ungozoma ta ce a kai shi asibiti maza. To, da wane kuɗi? Aka shiga gida-gida neman rance, aka jira gari ya waye a sayar da akuya. Kafin a haɗa kuɗin mota da na magani, azahar ta yi, jikin yaron ya yi sanyi ƙalau. A hanya ya koma. Ban ce wani ya isa ya hana ajali ba, amma har yau awannin nan da muka ɓata suna ci mini rai.

Duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya kai mako 37, bakwaini ne, ko da ba a wata bakwai ya zo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin jarirai 10 haka suke zuwa. Har rana aka ware musu a watan Nuwamba. Mu nan Jushi mun yi sa'a, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashe na musamman na jarirai, inda ake saka su a kwalba, a ba su iskar numfashi, a haska wa masu shawara fitila. Asibiti na kusa, kuɗin isa gare shi ne ba ya hannu a lokacin da ake buƙata.

Shawarata ita ce mu ware asusu daban, ban da zubinmu na rance. Mu 25 ne. In kowacce ta sa naira 100 duk mako, a wata mun tara 10,000. Ba zai biya kwanciya duka ba, kada na yaudare ku, amma zai ɗauki keke Napep ko mota a daren, ya sayi maganin farko. Kuma kyauta ce, ba bashi ba. Mai jego ba ta tunanin biya.

Kafin a isa kuma, sanyi ne babban abokin gaba. Kada a yi wa bakwaini wanka. A goge shi, a sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zani. Likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara wannan dabara a 1978, saboda kwalaben ba sa isa. Mu da muka iya goyo, gaba kawai za mu mayar da shi. A ba shi dakashi, kada a zubar. In bai iya tsotsa ba, a tatsa a ƙaramin kofi mai tsabta. In ya ƙi nono, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko numfashinsa na sarƙewa, ba a jiran safiya.

Abu ɗaya ya rage. Akwatinmu kwaɗo uku gare shi, makullan na hannun mutum uku, kuma haihuwa ba ta jiran ranar taro. Sai mu zaɓi mace biyu da ke kusa da juna su riƙe wannan kuɗin, su kawo lissafi duk mako. Inna Magajiya, bismillah, a fara ɗaga hannu.